Mutumin Ki Ne Ya Kulle Zanen

Jama'a, kafin ku fara wanke ni a ƙasan rubutun nan kamar yadda kuka saba, ku bari in faɗi laifina da bakina. Ni Tamar, shekarata ashirin da bakwai, da digirina na kwamfuta a rataye a falon Mama, ni ce na ɗauki sirrin da na ɓoye wa uwata da fasto da aminiyata, na ɗora shi a kan sabar ofishinmu, wato babbar kwamfutar da ke ajiye aikinmu, inda kowa zai iya buɗewa. Ba wanda ya yi mini kutse. Da yatsana na danna.

Mu biyar ne a ɗan kamfaninmu, a saman wani shagon fenti kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Manhaja muke gina wa wata ƙungiyar manoman citta ta Kachia. Ga wanda bai san aikin ba, kafin a rubuta manhaja sai an zana ta, kamar yadda ake zana gida kafin a haƙa tushe. Akwati ɗaya Manomi, akwati ɗaya Gona, akwati ɗaya Buhu, sai a ja layi tsakaninsu a rubuta abin da ya haɗa su. To da can kowa da nasa zanen a tasa kwamfutar, ana ta yawo da filashi daga tebur zuwa tebur. Za ka ga fayil mai suna "na ƙarshe", ga "na ƙarshe na gaskiya", ga "na ƙarshe na Allah da gaske". Ranar da aka kwashe sati guda ana gini a kan tsohon zane, Madam Doreen mai kamfanin ta buga tebur ta ce ni zan haɗa ma'ajiya ɗaya a kan saba, kowa ya riƙa aiki a wuri guda.

Sati uku na yi a kan aikin. Dokar ma'ajiyar mai sauƙi ce: wanda zai taɓa zane sai ya kulle shi, kuma ba mai iya gyarawa ko gogewa sai shi ya sake. Babban makullin da ke karya kowane kulle yana hannun Madam ita kaɗai, ita kuwa tana Kaduna sai Litinin. Abu ɗaya ban gama ba, ban buɗe wa kowa sunansa ba. Dukkanmu da suna ɗaya muke shiga na wucin gadi, wai "baƙo". Ku riƙe wannan, zai dawo ya cije ni.

Yanzu ga sirrin.

Akwai Abednego, dillalin citta, yayan Damaris abokiyar aikina kuma aminiyata. Shekara guda ke nan yana zuwa gidanmu. Ba wanda ya tilasta ni, kada ku ɗora wa iyayena laifi. Ni ce dai duk lokacin da aka tambaye ni sai in ce "ina addu'a a kai", har addu'ar ta yi tsawon da kowa ya ɗauka an amsa ta. Ranar Asabar danginsa za su zo gaisuwa. Yau Alhamis da yamma kuma shi da kansa zai zo ya ji kalmar ƙarshe daga bakina.

Akwai kuma Nelson, wanda teburinsa ke kallon nawa. Takalminsa ɗaya, rigunansa uku, na ƙirga. Idan ya sayo gasasshiyar masara sai ya karya ta biyu ya ajiye mini ɓangaren da ya fi ƙonewa, don ya lura shi nake so. Wata goma sha ɗaya bai taɓa ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Ina son shi. Ga shi na rubuta.

Wata rana da kaina ya yi zafi, maimakon in yi kuka kamar mutane, sai na buɗe manhajar zane na zana matsalata. Akwati uku. A na Abednego na rubuta: kirki, akwai, haƙuri, har ya yi yawa, yardar Mama, cikakkiya, bugun zuciyata idan ya shigo, babu. Na ja masa layi mai ɗigo-ɗigo na rubuta "tana jin nauyinsa". A na Nelson na rubuta: rabin masara, dariya da hanci, ya sani? a'a. Na ja layi mai kauri daga akwatina zuwa nasa, na rubuta "tana son sa", na sa lamba ɗaya a kowane bakin layin. A aikinmu ɗaya da ɗaya na nufin babu gurbin na uku. Na sa wa fayil ɗin suna "rayuwata", na bar shi cikin jakar aikina. Jiya Laraba da la'asar, ina ta murnar na gama, na haɗa jakar gaba ɗaya da ma'ajiya, na kashe kwamfuta, har ina 'yar waƙa a kan matakala.

Yau da safe Mama ta tsare ni a falo. Ta baje yadin leshi ruwan zuma a kan kujera, ga sabbin labule da ta sa aka rataya jiya, ga kwanukan tangaran da ba a fito da su sai Kirsimeti an jera a kan tebur.

"Tsaya in gwada a jikin ki. Damaris ne ya kawo, ya ce kalan nan zai karɓe ki."

"Ta ce, Mama. Damaris mace ce."

"Ya ce, ta ce, duka ba magana ba ne? Tun da kin yi makaranta a Zariya ba mu huta ba. Ɗaga hannu."

Na ɗaga. Ta naɗa mini yadin, ta ja da baya tana kallona, sai na ga idonta ya kawo ruwa.

"Matan zumunta na coci goma sha biyu za su zo dafuwa ranar Asabar. Na gaya masu Yesu ya share mini hawaye. Tamar, yaron nan zai zo da yamma, ki ba shi amsa mai kyau, kin ji? Kar ki sa in rufe fuska a coci."

"Na ji, Mama."

Kullum haka nake cewa. Na ji. Ban taɓa cewa na yarda ba, ban kuma taɓa cewa ban yarda ba, kuma ina ganin kaina mai wayo.

Sai tara da rabi na hau acaɓa na isa ofis. Ba kowa sai Oga Kumai, babbanmu a rubuta manhaja, dattijo mai furfura da ya taɓa koyarwa a kwalejin ilimi ta garin Gidan Waya. Ya toshe kunnensa da abin sauraro yana gyaɗa kai. Na gaishe shi, na kunna kwamfuta, na buɗe ma'ajiyata ina jin kaina. Ga Manomi, ga Gona, ga Buhu, ga Mai Saye, duk a jere gwanin kyau.

Ga "rayuwata".

Sai da na karanta sau uku. Na kai kibiya da sauri na danna gogewa. Wani ɗan jan kwaɗo ya bayyana a gefen sunan, da rubutu a ƙasa: an kulle, baƙo ne ya kulle, ƙarfe bakwai da minti goma sha biyu na safe.

Na sake dannawa. Na fita na sake shiga. Na goge fayil ɗin daga kwamfutata, ma'ajiyar ta dawo mini da shi cikin ladabi, kamar yadda ni da kaina na koya mata. Makullin yana kan kwamfutar wanda ya kulle, ni kuwa da hannuna na sa wa kowa suna ɗaya. Na tsaya a gaban sabar da ke gunji a kusurwa, na kama wayar wutarta. Da na fizge, da aikin Oga Kumai na tun asuba ya tafi, zanen nawa kuma yana nan daram idan an kunna. Na saki wayar. Na ɗauko lambar Madam, na tuna ba ta ba da babban makulli sai ta ga abin da za a karya da idonta. Na ajiye.

Na je na taɓa kafaɗar Oga Kumai.

"Oga, don Allah, wa ya shigo ofis ƙarfe bakwai?"

Ya zare abin kunne ɗaya, idonsa na kan allo.

"Mutumin ki mana."

Nelson kawai ya faɗo mini a rai.

"Ya... ya buɗe ma'ajiya?"

"Ya buɗe. Ya zauna ya daɗe yana kallon wani abu, ya riƙe baki haka. Na ce lafiya? Bai amsa ni ba. Ya rufe laftof, ya sa a jaka, ya fita. Ko sallama babu."

"Oga, kai ka duba abin?"

"Ni ina ruwana da abin da ba sunana a kai? Batirin sola ya kusa mutuwa, ki bar ni in gama."

Ya mayar da abin kunnensa. Na juya na kalli teburin Nelson. Babu laftof, babu jaka. A jikin allon ofis an rubuta da alli: Nelson, Kachia, ganawa da manoma. Damaris kuwa tun Litinin ta ɗauki hutun yau da gobe don hidimar Asabar, ko a zuciyata ban kawo ta ba.

Na shige banɗaki na kulle ƙofa, na zauna a kan murfin masai da wayata a hannu. Ya gani. Ya ga "dariya da hanci". Ya ga "rabin masara". Ya riƙe baki, ya fita ko sallama babu. Mutumin da ya ji daɗi ai ba haka yake fita ba. Kuma ya kulle zanen, don me? Don ya nuna wa abokansa a mota su yi dariya? A'a, Nelson ba haka yake ba. To don kada in goge in ce ban yi ba? Na kira shi, ba ta shiga ba. Hanyar Kachia akwai wuraren da netwok ke ɗaukewa. Na sake kira har sau bakwai. Na yi addu'a, irin wadda ba ta da kai ba ta da gindi, Yesu ka taimake ni, Yesu ka kashe sabar nan, Yesu ka mayar da ni Laraba.

Wajen sha biyu na ce tun da asiri ya riga ya tonu, gara in mutu a tsaye. Na rubuta na goge ya fi sau goma. Ga abin da na tura a ƙarshe, ban canja ko harafi ba:

"Nelson, na san ka ga zanen. Ba zan ce wasa ba ne. Duk abin da ke ciki gaskiya ne. Abednego zai zo gidanmu da yamma kuma ban san abin da zan ce masa ba. Don Allah ka sake kullen in goge kafin Damaris ta gani. Idan ka raina ni ba komai, na cancanta. Amma kai nake so, tun ranar masarar farko."

Alama ɗaya ta fito, saƙon bai isa ba. Ina iya janye shi a lokacin. Na ɗora yatsa a kai, na ce ai ya riga ya gani a zane, janyewa me za ta ƙara? Na bar shi.

Haka na wuni. Oga Kumai ya miƙo mini gwaten acca a kula, na ce ina azumi, ya ce azumin Alhamis kuma na wane coci ne. Duk minti biyar sai na duba jan kwaɗon nan, sai na duba waya. Kwaɗo na nan, alama ɗaya na nan. Ƙarfe huɗu na tattara na tafi gida.

Tsakar gida ta cika da ƙamshin soyayyen kaji. Mama na bakin murhu da ɗaurin zani, tana ganina ta ce in je in yi wanka in sa doguwar rigata mai ruwan ganye.

"Damaris yana ɗakin ki, tun ɗazu yana jiran ki."

Tana zaune a bakin gadona, da gashinta rabi a kitse rabi a tsefe, laftof a buɗe a kan cinyarta. Ba ta ce mini "amaryarmu" ba kamar kullum. Ta juyo da allon ya kalle ni. Akwati uku. Layi mai ɗigo-ɗigo, layi mai kauri.

"Rufe ƙofa," ta ce.

Na rufe, na jingina da ita.

"Nelson ne ya turo miki?"

"Wane Nelson? Caja na manta a ofis, na biya da sassafe in ɗauka. Na ce bari in leƙa aikin da kike ta fama, in yaba miki. Sai na ga rayuwata. Na ɗauka ma hotunan leshi ne."

"Amma Oga Kumai ya ce... ya ce mutumina ne ya zo. Ya ce ya buɗe, ya riƙe baki..."

"To ni ba mutumin ki ba ce? Tun yaushe Oga Kumai ya san kalmar 'ta'? Madam ma 'ya' yake ce mata. Nelson ko hawowa bai yi ba, a ƙasa na gan shi yana jiran motar Kachia."

Na zame na zauna a ƙasa. Ni, Tamar, mai gyara wa uwata Hausa a falo da safe. Shekara biyu ina jin Oga Kumai yana cewa "matata ya dafa", "Madam ya kira", ban taɓa ruɗewa ba sai yau, don zuciyata ta riga ta zaɓi wanda take so kalmar ta nufa.

"Damaris, don girman Allah ki sake kullen. Zan goge. Kamar ba a yi ba."

"Shi ya sa na kulle. Na san ki. Za ki goge, ki sa leshi ranar Asabar, ki yi murmushi a hoto." Ta nuna akwatin Abednego a allon. "Kin san abin da Broda Abed ke yi wata biyu yanzu? Yaren ku yake koya. Yana biyan wani tsoho a kasuwar citta hira, don ya gaida Baba da yaren ku ranar Asabar. Jiya ina ji yana maimaitawa a bayan gida kamar ɗan firamare. Shi ne kika ja masa ɗigo-ɗigo? Bugun zuciya, babu?"

"Ban taɓa nufin in wulaƙanta shi ba."

"Na sani. Da kin zage shi a ciki da ya fi mini sauƙi. Kin rubuta kirki, kin rubuta haƙuri, duka gaskiya. Abeg, Tamar, ba zan nuna masa ba, ba zan nuna wa kowa ba. Amma ba zan sake ba sai kin faɗa masa da bakin ki, yau. Yayana ba zai auri mai jin nauyin shi ba."

Na yi kuka, irin mai majina, na toshe baki da gefen zanin gado don kada Mama ta ji. Damaris ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma tashi ba. Ta dai miƙo mini hankicinta tana kallon bango.

A nan wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Sai a lokacin na tuna saƙon da na tura.

Alama biyu, shuɗaye. Nelson ya shigo inda akwai netwok, ga amsarsa.

"Wane zane?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba wanda ya tona mini asiri wurin Nelson. Ba saba ba, ba Damaris ba, ba Oga Kumai ba. Ni ce, a zaune a kan murfin masai, da cikakken hankalina. A saman allon aka nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya ci gaba. Ya sake tsayawa. A waje na ji ƙugin mota ta tsaya a ƙofar gida, na ji Mama ta saki guɗa tana kiran Baba ya fito.

Saƙon ya shigo.

"Ban ga wani zane ba, ban kulle komai ba. Ina cikin motar dawowa, mun wuce rabin hanya. Na karanta saƙonki sau biyar, har mai kusa da ni ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Ni na ɗauka an gama maganarki da Abednego, shi ya sa na kama bakina. Tamar, layin ƙarshen nan, da gaske kike?"

Daga falo na jiyo muryar Abednego, a hankali, yana tuntuɓe a kan kalmomi, yana gaida Baba da yarenmu. Bai iya jira har Asabar ba. Baba ya fashe da dariyar jin daɗi, Mama tana tafi tana cewa a sake, a sake.

"Tamar! Fito mana, baƙon ki ya zo!"

Damaris ta kalle ni, ta kalli wayar, ta ɗora yatsanta kusa da jan kwaɗon ba ta danna ba.

Na rubuta wa Nelson kalma biyu: "Da gaske." Na tura, na kife wayar a kan gado. Ban sa rigar mai ruwan ganye ba, ban ko wanke fuska ba. Na buɗe ƙofa na fita falo da kayan aikina.

Abednego ya miƙe tsaye da sabuwar shadda, da 'yar takarda a naɗe a tafin hannunsa, inda ya rubuta gaisuwar don kada ya manta. Ya yi mini murmushi, ya gaishe ni da yarenmu, ya ma faɗi daidai.

Mama ta ce, "To, ga shi ga ki. Me kin ce?"

Na buɗe baki in ce "na ji", kamar kullum. Sai na ga takardar nan a hannunsa ta jiƙe da gumi.

"Broda Abed," na ce, "don Allah mu fita waje. Akwai maganar da ya kamata in faɗa maka tun bara."

Hannun Mama ya tsaya cak a tsakiyar tafi.